Tambayoyi da amsoshi kan gyara fuskar kalandar intanet ta dace da harkokinka

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Jekadafari cikin garin Gombe, buga takardu da fotokofi da cike fom, to a hankali sai ya zama kusan kullum sai wani ya miƙo min waya yace Malam dan Allah duba min kalandar nan ta rikice. Yawanci kuma ba rikicewa tayi ba, yadda ta zo daga kamfani ne aka barta, an tsara ta ne da tunanin ma'aikacin ofis mai shiga Litinin ya tashi Juma'a, mu kuma a nan akwai mai Islamiyya, akwai tela, akwai mai zuwa Tudun Hatsi da asuba, kowa da irin makonsa. Shi yasa na tara tambayoyin wuri guda. Galibin bayanin akan Google Calendar ne, wadda aka fito da ita tun 2006, saboda duk mai adireshin Gmail yana da ita kyauta ko ya sani ko bai sani ba. Wayoyin da ake kawo min da Turanci suke, dan haka inda ya zama dole zan rubuta kalmar yadda zaka ganta a sikirin.

Na buɗe naga wata guda cike da ƙananan layuka masu launi, ba na iya karanta komai. Ya zanyi?

Fuskar wata ce ka tarar, kuma a waya ita ce mafi wahalar karantawa saboda kwana 30 aka matse a tafin hannu. Ka taɓa layuka ukun nan da ke sama ta hagu, zaka ga zaɓi biyar: jeri, rana ɗaya, kwana 3, mako, sai wata. A kwamfuta kuma zaɓin yana sama ta dama, kuma can akwai ƙarin fuskar shekara guda da wata wadda kai zaka yanka mata yawan kwanakin da kake so, daga kwana 2 har zuwa mako 4. Duk wadda ka bari a buɗe ita zaka tarar idan ka dawo, ba sai ka sake zaɓa kullum ba.

To wacce ce tafi?

Ya danganta da abinda kake nema, amma in ra'ayina ka tambaya, a waya jeri ne sarki, wanda aka rubuta "Schedule". Yana jero maka abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar lissafin bashi a littafin mai shago, ranar da babu komai sai ya tsallake ta. Mai alƙawari biyu ko uku a rana wannan ya ishe shi har abada.

Fuskar mako amfaninta ɗaya ne babba, tana nuna maka inda babu komai. Idan wani yace yaushe zamu zauna, ba abinda ka rubuta kake nema ba, gurbin da ya rage kake nema, to a mako ne ido zai faɗa kan farin wuri nan take. Amma a waya kwana bakwai sun yi yawa, rubutun sai ya koma harafi biyu-biyu, shi yasa nake cewa mutane su bar ta a kwana 3, ko su kwantar da wayar a gicciye. Fuskar wata kuma ta masu biki ce da tafiya da biyan kuɗin makaranta, abinda ake hangowa daga nesa. Akwai wata Hajiya mai ɗinki a Tudun Wada da ba ta amfani da komai sai mako 2 a kwamfutar ɗanta, tace ita duk ɗinkin da ya wuce sati biyu ba yanzu take tunaninsa ba, kuma wallahi tafi mu gaskiya.

Me yasa makona yake farawa da Lahadi? Ni Litinin nake so.

Shiga setin, a kwamfuta alamar nan mai kama da ƙarfen inji mai haƙora, a waya kuma ƙasan layuka uku, ka nemi inda ake zaɓen ranar fara mako. Uku ne kawai: Asabar, Lahadi ko Litinin. Abin dariya ma ai sunayen ranakunmu da Lahadi suka fara ƙirga, tunda daga Larabci muka aro, Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, har Alhamis biyar, dan haka wanda ya barta a Lahadi bai yi laifi ba. Ma'aikaci da ɗalibin jami'a dai Litinin tafi musu, saboda Asabar da Lahadi sai su haɗu a gefe guda kaga hutunka a dunƙule.

Wanda mutane basu cika lura da shi ba shine Asabar. Malaman allo da Islamiyyoyi da yawa karatunsu Asabar ne zuwa Laraba, Alhamis da Juma'a hutu. In ka fara mako da Asabar sai kwanakin karatu biyar su jeru a hagu, hutun ya koma ƙarshe, daidai yadda malam yake lissafi a kansa. Wani malami daga Bolari da na gyara masa haka cewa yayi ashe dama abin ya san da mu.

Zan iya ɓoye ranakun hutu?

Eh, a kwamfuta akwai wurin cire alama akan nuna ƙarshen mako. Amma ka sani Asabar da Lahadi kawai yake ɓoyewa, ko da Asabar ka fara makonka, dan haka malamin Islamiyya kada ya taɓa shi, ranakun aikinsa zai ɓatar. Dabarar da nake koya musu ita ce a sa fuskar kwana 5 sannan a danna Asabar a ƙaramar kalandar da ke gefen hagu, ko kawai ka ja linzami daga Asabar zuwa Laraba akan ƙaramar, babbar sai ta bi. Kuma ko kai ma'aikacin gwamnati ne ban baka shawarar ɓoye su ba, a garin nan ɗaurin aure da walima da taron ƙungiya duk a waɗannan kwana biyun suke, ka ɓoye su sai ka wayi gari ana ce maka baka zo ba.

Akwai yadda zanga kwanan watan Musulunci a ciki?

Akwai, kuma wannan ce tambayar da aka fi yi min. A setin ka nemi "Alternate calendar", zaka ga na China da na Farisa da sauransu, sai na Hijira kala uku, ɗaya na lissafi zalla, ɗaya na Kuwait, ɗaya na Saudiyya. Ka zaɓi ɗaya, sai ƙaramar lamba ta fito a gefen kowace rana. Masu iPhone su ma suna da shi a setin kalandar wayar.

Sai dai a kula sosai, duk ukun lissafi ne aka yi tun kafin watan ya tsaya, mu kuma a Najeriya ganin wata muke bi, kwamitin duban wata ya tantance, Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato. Dan haka kwana ɗaya na iya shiga tsakani, wani lokaci ka ga wayar tace 1 ga wata alhali mu muna cike 30. Babu maɓallin da zaka matsa ka ja ta baya da kwana guda. Abinda nake yi shine idan an sanar sai in rubuta a ranar da kaina, "1 ga Sha'aban bisa sanarwa", shikenan duk watan daga nan nake ƙirga. Kada ka je kana gardama da liman a bakin masallaci kana ɗaga waya, na sha gani.

Wani abu kuma, in kace abu ya riƙa maimaituwa duk shekara to shekarar Miladiyya zai bi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ɗayar da wajen kwana 11, saboda haka musabaƙa ko tafsiri ko zakkar da kake fitarwa a wani wata na Musulunci, da hannu zaka sa ta duk shekara.

An ce min taro "daren Juma'a", a wane akwati zan sa?

Alhamis. Tambayar kamar wasa amma ta sa mutane sun yi saɓani. A wajenmu dare yana riga yini, daga magaribar Alhamis an shiga daren Juma'a, kalanda kuwa sai sha biyun dare take juya rana, har lambar Hijirar da ka kunna ma sai lokacin take canzawa. To ka sa shi a akwatin Alhamis ƙarfe 8 na dare, amma a sunan abin ka rubuta "daren Juma'a bayan isha'i" dan wanda ka tura wa kada ya ruɗe. Idan kuma matashi ne ya gaya maka, gara ka sake tambaya, wasunsu daren ranar Juma'ar suke nufi.

Lokaci yana rikita ni, safe da dare.

Nima ta taɓa ci na. Ɗaurin auren ƙanin wani abokina ne ƙarfe 11 na safe, da hannuna na sa shi 11 na dare ban lura ba, ina shago ina ta buga takardun wani, sai da na kwanta wayar ta fara ƙara wai saura minti talatin ɗaurin aure, lokacin har an kai amarya. Washegari da ƙafata na je ban haƙuri. Tun daga ranar na mayar da agogon tsarin awa 24, wato 13:00 maimakon 1:00, a kwamfuta yana cikin setin yare da yanki, a waya kuma yawanci agogon wayar kanta yake bi, can zaka canza. Kwana biyu zaka saba, ka cire 12 kawai, 16:00 la'asar, 20:00 bayan isha'i.

A wuri guda ɗin akwai tsarin kwanan wata. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, mu rana muke farawa, dan haka 03/04 a wajensu 4 ga Maris ne a wajenmu 3 ga Afrilu. Zaɓi wanda misalinsa ya fara da 31.

Launuka fa, ado ne kawai?

A'a, amma mutane suna wuce gona da iri. Kowane abu zaka iya bashi ɗaya daga launi 11, yawancin sunayensu ma na kayan lambu ne, tumatir, ayaba, inabi. Na taɓa ganin wani ɗalibi daga jami'ar Kashere ya ba kowane kwas launinsa, kwas tara launi tara, na ce masa kore wanne ne, yayi shiru. Launi uku ko huɗu sun isa, kuma ka ajiye ja ga abinda in ka rasa shi akwai asara ko kunya, jarrabawa, kotu, ranar asibiti, ranar da ka yi wa mai kaya alƙawarin biya. In komai ja ne to ido ya daina tsorata.

Abinda yafi launi amfani shine ka raba kalandar gida-gida. A ƙarƙashin adireshinka ɗaya zaka iya buɗe kalanda da yawa, misali Shago, Gida, Ƙungiya, kowacce da launinta, duk abinda ka jefa a ciki zai ɗauki launin da kansa ba sai ka zaɓa ba. Ribar ita ce kowacce tana da ɗan akwatin alama a gefe, ka cire alamar ta ɓace daga gani ba tare da an goge komai ba, ka mayar ta dawo. Hajiyar nan mai ɗinki uku ne nata: karɓar kaya, ranar bayarwa, sai gida. Ana saura sati biyu sallah sai ta kashe biyu ta bar ranar bayarwa kaɗai, in ta ga rana ta kai kaya biyar ba ta ƙara karɓar ɗinki a ranar ko ƙanwar mahaifiyarta ce ta kawo. Sannan kowace kalanda ana raba ta da mutane daban, wanda launi ba zai maka ba. Buɗe sabuwa a kwamfuta yafi sauƙi, alamar tarawa kusa da "Other calendars", in babu kwamfuta ka buɗe burauzar waya ka sa ta a fuskar kwamfuta.

Na buɗe sabuwar amma bata fito a waya ba.

Shiga setin manhajar a waya, ƙarƙashin adireshinka ka taɓa "Show more", ka taɓa sunan sabuwar, ka kunna "Sync". Sai ka koma ka tabbatar akwai alama a akwatinta. In duk da haka shiru, duba ko da wani Gmail ɗin daban ka shiga, rabin masu wannan matsalar adireshi biyu gare su sun manta.

Ina harka da mutanen waje, ya zan daina lissafin awa da yatsu?

A kwamfuta akwai wurin kunna lokaci na biyu, sai layin awoyi biyu su fito a gefen hagu, namu da nasu, har suna zaka iya sa musu, Gombe da Makka misali. Akwai kuma agogon duniya da zaka jera garuruwa da yawa a ƙarƙashin ƙaramar kalanda. Najeriya awa ɗaya take gaban GMT kuma ba ma taɓa agogonmu duk shekara. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai 3, Indiya 4 da rabi, China 7, kaga mai sayo kaya daga Guwanzu in ya bari sai azahar ɗinmu to su can dare yayi. Nijar da Kamaru lokacinmu ɗaya, Ghana tana bayanmu da awa guda.

Ingila ce mai ruɗa mutane. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Idan kana da darasi ta intanet da malamin da ke can, lokacin shigar da abin ka zaɓa masa lokacin Landan, kalandar da kanta zata matsar maka idan sun juya agogo.

Masu tafiya Umara ko Hajji kuma kada ku tsorata in kun sauka kun ga taron ƙarfe 10 ya koma 12, ba lalacewa bane, wayar ce ta bi lokacin ƙasar, taron yana nan a 10 ɗin gida. In kuna so ta tsaya a lokacin Najeriya sai ku kashe bin lokacin na'ura a setin manhajar. Abinda aka sa a matsayin na yini guda shi baya motsi.

In sa lokutan sallah a ciki?

Ana iya yi, akwai masu bada adireshin kalanda da zaka liƙa ta riƙa shigowa da kanta. Ni dai ban so, abu biyar kullum, 35 a mako, sai su binne maka alƙawuran da dan su ka buɗe kalandar, ga manhajojin sallah nan da aka yi dan wannan aikin, ga ladan kuma a kowane lungu. Juma'a kaɗai nake toshewa, daga 12:30 zuwa 15:00 da launin toka, dan kada in yi wa kowa alƙawari a ciki.

Inda ake bukatar lura shine taron da aka ce "bayan magariba". A Gombe rana tana faɗuwa wajen shida saura kwata a Nuwamba, a Yuli kuwa sai wajen bakwai saura minti ashirin, kusan awa guda tsakani. In ka sa shi yana maimaituwa a lokaci ɗaya duk shekara zai kauce. Duk bayan wata biyu ka buɗe ka gyara, in ta tambaye ka wanne zata canza ka zaɓi wannan da masu biyo baya, kada ka zaɓi duka.

Abu mai maimaituwa wanda ba mako-mako ba fa?

A wurin maimaitawa ka sauka ƙasa ka zaɓi "Custom". Nan zaka ce duk kwana nawa, duk mako nawa, a waɗanne ranaku, kuma yaushe zai tsaya, ko bayan sau nawa. Adashe na mutum goma zubi duk Juma'a, ka ce ya tsaya bayan sau 10. Taron ƙungiya na Asabar ɗin ƙarshen wata ko Lahadin farko, ka fara shigar da shi a irin ranar zata baka zaɓin da kanta.

Wani Alhaji ya taɓa jan kujera kusa da ni ya rage murya yace to rabon kwana fa, tunda tafiye-tafiye na sa shi ya rikice. Mata biyu, kwana bibbiyu. Muka sa abu na kwana 2 mai dawowa duk kwana 4, ɗaya kore, ɗayan kuma ya fara bayan kwana biyu da shuɗi, a kalandar da shi kaɗai ke gani. Na dai ce masa Alhaji in lissafin waya ya saɓa da na cikin gida, na cikin gida ne daidai.

Ranakun hutun Najeriya basa fitowa, ko kuma na wata ƙasa nake gani.

A setin akwai sashen hutu, ka cire ƙasar da ba taka ba ka sa Najeriya. Masu tsayayyar rana ba matsala, 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni wadda ta zama ranar dimokuraɗiyya daga 2019, 1 ga Oktoba, wadda mu a nan biki biyu ce tunda a ranar ne aka cire Gombe daga Bauchi a 1996, sai 25 da 26 ga Disamba. Amma ƙaramar sallah da babba da Maulidi hasashe ne kawai har sai an ga wata kuma ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da ranakun hutu. Hutun da gwamnatin jiha ta bayar kai zaka sa da hannunka.

Tarkace sun yi yawa, ranar haihuwar mutanen da ban ma sani ba.

Daga lambobin wayarka suke zuwa, cire alama a kalandar "Birthdays" su ɓace. Haka zaka iya ɓoye gayyatar da ka ƙi amsawa da ayyukan da ka gama. A kwamfuta ka kunna dusashe abinda ya wuce, sai na jiya su yi fari-fari na gaba su fito sosai, ƙaramin abu ne amma ido yana hutawa. Mai ƙaramar laftof ya zaɓi matsattsen tsari a wurin kamanni dan awoyi da yawa su shiga sikirin. Baƙar fuska ta dare tana nan a waya, a kwamfuta ma an kawo ta a 2024, sai dai a rana tsaka a bakin titi farar tafi ganuwa. Lambar mako kuma in ba aikinka na bukata ba ka barta a kashe.

Duk abinda na shigar sai ya cinye awa guda.

Canza tsawon da yake zuwa da shi a setin, akwai minti 15, akwai 30 har zuwa awa 2. Mai karɓar mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyaran waya ko mai ƙunshi ya sa gwargwadon aikinsa. Ni shawarata ma ka riƙa sa lokacin hanya a matsayin abu na daban, in zaka je Kumo ko Bajoga ai tafiyar ma lokaci ce, in bata fito a fuskar mako ba sai ka ga gurbi alhali kana cikin mota.

Tunatarwa bata ƙara, ko tana ƙara tayi yawa.

Kowace kalanda da nata tsarin, dan haka ka ba Shago minti 30, ka ba ranar asibiti kwana ɗaya da kuma awa biyu, ka kashe na hutu gaba ɗaya. In bata ƙara sam to yawanci wayar ce ke kashe manhajar dan tattalin batir, shiga setin batir ka cire ta daga waɗanda ake takurawa, ka kuma duba an bata izinin sanarwa. Masu tambayar saƙon tes, da ana yi amma an daina, tun 2015 ga masu asusun kyauta. Abinda yafi duka a wajena shine ka ɗora ɗan allon jeri a fuskar wayar, danna wuri mara komai ka riƙe, zaɓi wijet, ka ja na kalanda, duk buɗe waya sai kaga abinda ke gabanka ko tayi ƙara ko bata yi ba.

In na raba da yaron shago zai ga komai nawa?

Wadda ka raba kawai zai gani, shi yasa tun farko nace a raba gida-gida. Izinin hawa huɗu ne: ya ga kana da uzuri ko babu ba tare da sanin menene ba, ya ga bayani duka, ya iya gyarawa, ko ya gyara har ya ƙara wasu mutane. Yaron shago na biyu ko na uku, na huɗun naka ne kai kaɗai. Kuma kada ka taɓa kunna buɗe ta ga jama'a sai in ta sanarwa ce kamar jadawalin karatu, dan wannan kowa na iya gani.

Tana aiki ba data?

A waya abinda ya riga ya sauka zaka gani, kuma zaka iya shigar da sabo, sai data ta dawo ya hau. Wanda kuke raba kalanda da shi dai ba zai gani ba sai lokacin. Bata cin data kirki, rubutu ne kawai.

Akwai gajeriyar hanya a kibod?

D rana, W mako, M wata, Y shekara, A jeri, X kwanakin da ka yanka, T ya dawo da kai yau, C sabon abu. In ka manta danna alamar tambaya duk su fito.

Ina so in buga a takarda in manna a ofis, ko in tura a guruf.

A kwamfuta ƙarƙashin alamar setin akwai bugawa, ka zaɓi daga wace rana zuwa wace, girman rubutu, da tsaye ko kwance, wata guda kwance yafi kyau a A4. Abinda ke sikirin shi zai fito, dan haka kafin ka buga ko ka ɗauki hoton sikirin ka tura WhatsApp ka cire alama a kalandar Gida, sakataren wata ƙungiya ya taɓa kawo min nasa har da ranar awon iyalinsa a tsakiyar jadawalin taro, Allah yasa na duba kafin in danna. Kuma in baƙi da fari zaka buga, ja da kore duk toka ɗaya suke komawa, sai ka sa harafi a farkon sunan kowane abu, T taro, B biya, J jarrabawa. Na guruf kuma fuskar jeri zaka ɗauka, ta wata in ta shiga WhatsApp dattawa sai sun kira ka a waya ka karanto musu.